Gwangwanaye Biyar a Saman Gida

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta kawo tsiron nan gidanmu na unguwar Sa'alaba, a ƙasar Larabawa, tun ina ƙarama. Daga ƙasar gishiri ta bakin teku ta tono shi, can kudu da gari, ta dasa a gwangwanayen man girki biyar a saman gida. Larabawan da ta saba da su suna ce masa gaɗaf, ina jin dai haka ne, don na taɓa jin wani sunan daban. Gajeren tsiro ne, idan ka shafa ganyensa gishiri ya maƙale maka a yatsa. Furanninsa ƙanana ne, tsakanin ja da shuɗi, ko sun bushe launin ba ya tafiya.

Ba zan ce ba shi da amfani ba. Idan gudawa ta kama ɗayanmu, Gwaggo takan dafa saiwar har ruwan ya yi ja kamar shayi. Bauri ya ɗaure maka harshe, cikin kuma yakan tsaya. Da shi ake kurkure baki idan ya yi ƙuraje, da shi ake wanke ciwo. A jami'a, inda na karanta haɗa magunguna, na gane abin da ke kawo baurin, kuma bai saɓa wa abin da take yi ba.

Rigimar ta fara ne da aka ce Umma tana da ciwon sukari. An ɗora ta a kan ƙwaya, safe da yamma. Wata rana ina neman almakashi a jakarta na ga kwalin maganin, ba a ɓalli ko ɗaya ba. Gwaggo ce ta gaya mata ƙwayar tana cin ƙoda, ta sa ta shan ruwan saiwa kofi biyu a rana.

Na same su a tsakar gida suna gyaran shinkafa. Na ce, "Gwaggo, mai yiwuwa yana ɗan rage sukari, ban ce a'a ba, amma ba a tabbatar ba, kuma ba mu san yawan da…"

"Mai yiwuwa, mai yiwuwa!" in ji ta. "Daktora, shekara biyar a jami'a abin da kika kwaso ke nan? Wa ya tsayar miki da zawo kina cikin tsumma? Ni idan na ce yana yi, yana yi. Halas, magana ta ƙare."

Umma ta ce, "Ku bar ni haka, don Allah," ta ci gaba da tsintar tsakuwa.

Tun rasuwar mahaifina maganar Gwaggo ce doka a gidan. Ni kuwa ga takardar digiri a hannu, aiki ya tsaya a kan maganar iƙama, takardar izinin zama, ina zaune a gida ina cin abincin da ita take sayo da kuɗin yadin da take sayarwa a kasuwar Bab Makka. Umma takan bi wanda muryarsa ba ta rawa, tawa kuma kullum rawa take.

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. Gwaggo sau ɗaya take ba tsiron ruwa a mako, rabin kofi, da ɗan gishiri a ciki, ƙasar kuma kusan duk yashi ce. Na san idan ruwa ya zauna a gindinsa saiwar ruɓewa take. Akwai bokitin da ke tare ruwan mukayyif, na'urar sanyin ɗakinta. Kowace safiya idan ta fita kasuwa sai in hau in juye shi duka cikin gwangwanayen. A raina na ce idan babu tsiro, Umma za ta koma kan ƙwaya.

Kafin mako uku ganyen ya yi ɗorawa. Gwaggo ta tsinki ɗaya ta lasa a gabana, ta tofar.

"Babu gishiri. Ruwan daɗi aka ɗura masa." Ta kalle ni daga sama har ƙasa. "Ashe kin iya wani abu ban da mai yiwuwa. Munafuka."

Washegari ba ta je kasuwa ba. Ta ɗauki tasi zuwa kudu ta dawo da leda cike da saiwa. Wurin da ta sani a da ya canja, yanzu manyan motoci ke tsayawa a can. Ni dai warin man dizal na ji a ledar. Na faɗa, amma a hankali na faɗa, har da "kamar". Ta wanke ta dafa. Umma ta kwana biyu tana amai, da na auna sukarinta na ga ya yi sama sosai. Na kai ta asibitin unguwa, aka ƙara mata ruwa.

A zaune kusa da gadon na gane kuskurena. Cikin duk saiwar da Gwaggo za ta iya samu, ta gwangwanayen nan ce mai tsabta, kuma ita na kashe.

Da muka dawo na tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo na ce, "Umma za ta sha ƙwayarta daga hannuna, safe da yamma. Tsiron ni zan sake dasa shi a yashi mai tsabta. Saiwar leda ba za ta ƙara shiga tukunya a gidan nan ba."

"Ke za ki dasa? Makashiyarsa?"

"Ni."

Ta ce, "Yalla, fita min daga ƙofa."

Na sake dasawa a gwangwanayen, uku cikin biyar suka kama. Umma tana shan ƙwayarta, sukarin ya sauka, kuma Gwaggo tana kai mata ɗan ruwan saiwa a ƙaramin kofin gahawa, ni kuma ina kau da kai, ko da yake ban tabbata daidai nake yi ba. Tsakanina da Gwaggo gaisuwa ce kawai. Kowace safiya takan hau sama ta lasa ganye ɗaya ta ji ko da gishiri. Idan ta sauko takan tarar da ni da kwalin maganin Umma ina duba ramukan da aka ɓalle.