Takardun da Malama Rahila Ta Bar a Hannuna

Daminar bana ce ta goma sha ɗaya tun da muka binne Malama Rahila a Tsibiri. Na ce muka binne, ko da yake ni daga nesa na tsaya, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, don ban san yadda ake tsayuwa a jana'izar Kirista ba. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Yau da hannuna nake rubuta wannan, kuma wanda ya ga wani wuri ya karkace ya yi haƙuri, na haura arba'in kafin in fara riƙe alƙalami.

Ba yabonta na zo yi ba. Masu yabo sun yi a majami'arsu, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni na zo ne in faɗi abin da na yi da amanarta, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Ni mai tuyar ƙosai ce a Sabon Gari, nan Maradi. Ɗiyata Hadiza tana da shekara huɗu sanƙarau ya kwantar da ita, ta tashi ba ta ji. Daga nan unguwa ta manta da sunanta, kowa sai bebiya. Rahila kuwa malamar lakwal ce, wato makarantar boko, kullum takan zo daga Tsibiri, ta tsaya wurina ta sayi ƙosai kafin ta wuce aji. Wata safiya ta tsaya kallon yadda nake magana da Hadiza da hannu. Muna da alamar ruwa, muna da ta wuta, muna da ta mahaifinta, wato shafa gemu, har da ta maƙwabciyarmu mai masifa, wadda ba zan kwatanta a jarida ba. Rahila ta tambaye ni wa ya koya mana. Na ce wa zai koya mana, in ba yunwa da ƙishirwa ba. Ta yi dariya, ta fito da kaye, wato littafin rubutu, daga jakarta, ta ce Hadiza ta tsayar da hannunta, ta zana shi. Tun daga ranar take kirana Yaya, ni kuma ban taɓa iya kiranta da wani abu ba sai Malama.

Ashe tana ƙarin karatu ne, kuma sai ta rubuta wata babbar takarda da suke ce wa memwar kafin a ba ta shaidar gamawa. Ta zaɓi ta yi a kan yadda ake koyar da yara kurame. Ta bayyana mini ƙa'idar aikin: duk abin da ka faɗa, sai ka nuna wane masani ya riga ka faɗa, a wane littafi, wace shekara, wane shafi. Na ce ashe ku ma masu boko ba ku yarda da juna ba. Ta ce ba rashin yarda ba ne, don wanda zai zo baya ya san inda zai bi ne.

Neman waɗannan littattafai shi ya ci mata ƙuruciya. Sau ɗaya na raka ta ɗakin littattafai a cikin gari, na ga abin da idona. Wani dattijo mai tabarau ya jawo mata akwatin ƙananan katuna, tana bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Uku ta samu da suka shafi kurame. Na farko wani ya ara tun da daɗewa bai maido ba. Na biyu gara ta yi kalaci da tsakiyarsa. Na uku lafiyarsa lau, sai dai labarin wata ƙasa yake yi inda kowane kurma ke da na'ura a kunne da likitansa na kansa. Ta zauna ta karanta shi duk da haka, ni ina gyangyaɗi a gefe.

Ta rubuta wasiƙu zuwa Yamai, tana ba direbobi a tasha. Sai an yi watanni kafin amsa ta zo, in ta zo. Wata rana ta iso wurina da fotokopi mai kauri, tana murna kamar an yi mata haihuwa. Da ta buɗe sai na ga fuskarta ta faɗi. Wanda ya aiko ya tsallake shafin farko don ya rage takarda, ba sunan marubuci, ba shekara. Duk maganar da take nema tana ciki, amma ba ta da ikon kafa hujja da ita. Ta je gidan intanet ma, inda take cewa sai a nuna maka ƙofar rubutu, kana miƙa hannu a ce a kulle take.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne malamin da ke duba aikinta. Ta rubuta cewa uwayen kurame a ƙasar nan suna ƙirƙiro maganar hannu tasu tun kafin yaro ya ga ƙofar lakwal, kuma ya kamata malami ya fara daga nan. Ya ja jan layi ya tambaye ta a ina ta karanta wannan. Ta ce a bakin kaskon Yaya Gambo. Ya ce kasko ba littafi ba ne. Da ta ba ni labari na ce ta kawo mini shi in nuna masa ko kasko na koyar da mutum. Ta ce in kwantar da hankalina, mutumin yana da gaskiyarsa. Tunda ba wanda ya rubuta, ita za ta rubuta, da sunan uwa, da gari, da rana, yadda na baya zai samu abin dafawa.

Haka muka fara zuwa ƙauyen Jiratawa kowace Asabar. Da farko matan ɓoye yaransu suke yi. Wasu na tsoron ta zo canza musu addini ne, wasu kuma kunya ce kawai. Ni nake shiga gaba, ga Hadiza a hannuna, in ce musu ni ma uwar kurma ce, kuma sallata ba ta ragu ba don na zauna da Malama. Bakina ya buɗe mana ƙofofi da yawa, ya rufe biyu. Muna zaune a bakin lambunan zogale, uwa na nuna yadda take ce wa ɗanta ya kori awaki ko ya yi nesa da rijiya, ni ina riƙe hannun yaron ya tsaya cik, Rahila na zane. Shekara biyu muna wannan. A tsakanin nan ta koya wa Hadiza karatu, a kan tabarmata, ina kallo ban ga abin ya shafe ni ba.

Daminar ƙarshe ɗakinta na Tsibiri ya fara yoyo. Ta kawo mini wani kwali ɗaure da igiya, ta ajiye a ƙuryar ɗakina.

"Yaya, ki riƙe mini wannan har ruwa ya ɗauke. Kada ki bari gara ta taɓa shi."

Na ce gara ta san ni, ba ta shiga ɗakina. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Zazzaɓi ya kama ta, bai yi mako biyu ba aka aiko mini da rasuwarta.

Bayan an share makoki na ɗauki kwalin na kai wa mahaifiyarta. Tsohuwar ta dube shi, ba ta taɓa ba. Ta ce ita ba ta iya ganin rubutun ɗiyarta, kuma ni aka ba, in riƙe. Na dawo da shi. Shekara biyu yana nan, ina ɗaga shi daga ƙasa duk damina.

To ga inda na yi ɓarnar. Wata safiya takardar naɗe ƙosai ta ƙare mini, ga mutane tsaye. Na kwance igiyar. A sama akwai littattafai huɗu masu taurin bango, bugun inji, tsaf da su. A ƙasa kuma tarin takardu ne rubutun hannu, duk gogewa da karce-karce, wasu da jirwayen man ƙosaina ma. Sai na yi lissafi irin na wadda ta saba zama kusa da tela: ga riga an gama, ga kuma ƙyallayen da suka zuba ƙasa. Na ɗauka ta riga ta kwashe abin da ke cikin takardun ta zuba a littattafan. Na naɗe littattafan cikin zanen atamfata mafi kyau, na sa musu kafur, na ce na cika amana. Takardun kuma na kai su bakin kasko.

Hadiza ta gani a rana ta uku. Ta ɗauki takarda ɗaya da mai ya jiƙe, ga zanen hannu a jiki, ta kama wuyan hannuna tana girgiza kai, tana wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Na buge hannunta, na nuna mata da alama cewa ta bar ni in yi sana'ata. A gidan nan ita kaɗai ta iya karatu, ta gaya mini gaskiya da iyakar ƙarfinta, ni kuma na ga yarinya ce, kurma ce. Takardun sun kai ni wata guda da ɗoriya. Mutanen Sabon Gari sun ci ƙosai a cikin aikin shekara biyu, sun yar a kwata.

Ban san abin da na yi ba sai da na shiga ajin karatun manya. Ba don Rahila na shiga ba, kada in yi ƙarya, na gaji ne da dangwala yatsa. Da idona ya fara buɗewa sai na kwance atamfar nan, ina so in ga inda aka rubuta Jiratawa, in ga sunan Hadiza. Na bi shafi shafi ban gani ba. Na kai wa malamarmu, na ce ko don Faransanci ne. Ta duba ta ce waɗannan an buga su a Turai tun kafin Rahila ta fara wannan aiki, kuma ba sunanta ko ɗaya sai wanda ta rubuta da biro a bango. Na dawo gida a ƙasa, ban ga hanya ba. Na tarar da Hadiza na ɗinki, na tsaya a gabanta na yi alamar ban haƙuri. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ci gaba da taka keken.

Bana, kafin ruwan farko, wata yarinya Nafisa mai karatu a jami'a ta yi sallama a gidana. Ita ma a kan kurame take bincike. Ta nuna mini salularta, ta ce rubuce-rubucen masana sun fi ƙarfin karatunta a ciki, daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Na tuna Rahila tsaye a tasha tana jiran direba. Da ta ga wannan zamani, na san da sai ta ƙwace salular nan ta manta da abinci. Amma na san da ta gama murna sai ta tambaya ina Jiratawa a ciki. Abin da ya kawo Nafisa ke nan. An ce mata ta kawo abin da aka rubuta a kan yaran nan ƙasar, ta nema har ta gaji, sai wani tsohon malami a Tsibiri ya ce akwai wadda ta taɓa yin aikin, kayanta na wurin wata mai ƙosai.

Na fito mata da littattafan huɗu. Ta juya su cikin ladabi, ta ce biyu daga ciki tana da su a salula. Sannan ta ce, "Inna, na hannunta nake nema."

Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta sunkuyar da kai.

Mun koma Jiratawa da ita da Hadiza. Cikin matan da muka zauna da su, biyu kaɗai muka tarar. Wasu sun rasu, wasu sun tashi, yaran sun girma sun bazu neman abinci. Alamomin da kowace uwa ta ƙirƙiro wa ɗanta sun tafi tare da su, ba kuma wata salula da za ta maido su. Abin da ya rage shi ne wanda ke kan Hadiza da wanda ke kaina, da na matan nan biyu. Shi muke zubawa yanzu kowace Asabar. Nafisa na ɗauka da salula, ni kuma ina rubutawa a kaye, da suna da gari da rana, yadda na ga Malama na yi. Bai kai rabin na da ba.

Ina da magana biyu ga masu karanta wannan. Duk wanda mamaci ya bar wa takardu bai iya karatu ba, ya kai wa mai iyawa kafin ya yanke hukunci, ko da yaron gidansa ne. Ku kuma masu ɗakunan littattafai, ku buɗe wuri ku karɓi rubutun hannun malamanmu. Da akwai inda Rahila za ta kai kwalin nan, da ba ta kawo shi ɗakin jahila ba.

Nafisa ta nuna mini inda za ta ambaci Rahila a takardarta. Ta rubuta cewa aikin ya ɓace bayan rasuwarta. Na ce ta goge. Ba ɓacewa ya yi ba, ba ƙafa gare shi ba. Na ce ta rubuta cewa Gambo mai ƙosai ce ta lalata shi da hannunta, don mai zuwa baya ya daina nema. Ta ce ba a rubuta haka a memwar. Na ce ai ƙa'idarku ce a faɗi wa ya yi, a ina, yaushe.

Hadiza yanzu tela ce a unguwar Zariya, da hannunta take rubuta awon masu kawo ɗinki. Ranar nan Nafisa ta tambaye ta yadda take kiran Rahila da hannu. Ta buɗe tafin hagu, ta sa yatsan dama ta yi zane a kai. Duk shekarun nan ban taɓa tambayarta ba. Na ce ta tsayar da hannun kada ta motsa. Na ɗauko kayena na zana, ko da yake zanena bai kai na Malama ba, na rubuta sunan Hadiza da garin da ranar a ƙasa. Wannan karon ba a ɗakina zai zauna ba. Na ce a yi masa kwafi uku, ɗaya kuma a kai Tsibiri.