Me Ta Ce, Malama?

Ni malamar Turanci ce a Inugu, kuma a gidanmu an san halina: ko a allon shago na ga kuskure sai na yi magana. Mahaifina kuwa ya tsufa yana sayar da albasa a Kasuwar Ose ta Anacha. Yana jin Ibo kamar ɗan gari, yana jin Burokin, amma Turancin boko sai dai ya kalle ni. Malama yake ce mini, rabi wasa rabi alfahari.

Da aka bugo cewa yayarsa na kwance a asibiti a Zariya tana kiran sunansa, ni na hana shi bin mota.

"Baba, jirgi za mu hau. Awa ɗaya muna Abuja, kafin la'asar kana gabanta."

Bai taɓa hawa ba, amma ya yarda. Da hantsi muna zaune a filin jirgi, ya ɗora ledar goron da zai kai mata a cinya.

Lasifika ta yi ƙara. Wata murya mai zaƙi ta zuba Turanci.

"Me ta ce, Malama?"

"Wai an ɗan samu jinkiri, saboda dalilan aiki."

"Wane aikin?"

Ban sani ba. Kowace kalma na gane ta, amma da na juya ta Hausa sai na ga ba komai a ciki. Ta ce za mu tashi "shortly", wato nan ba da jimawa ba. Ta ba da haƙuri kan damuwar da jinkirin "zai iya" jawowa. Zai iya! Ga tsoho yana ta duba waya.

Na je wurin wata ma'aikaciyar kamfanin jirgin, na tsara mata Turanci mai kyau, irin wanda nake koya wa yara. Ta yi murmushi, ta maimaita mini abin da lasifika ta faɗa, harafi da harafi.

Bayan azahar Baba ya tashi da kansa. Ya sami wani dattijo mai tura keken kaya, ya gaishe shi da Ibo, suka ɗan yi magana. Ya dawo ya zauna.

"Ya ce jirgin bai ma baro Legas ba."

Na duba agogo. Da motar asuba ya bi, da yanzu ya wuce Lakwaja.

Ana kiran la'asar wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya yi salati a hankali, ya ce, "Kada ku jira ni. Ku kai ta."

Na kasa kallonsa. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Ke kika riƙe jirgin? Tashi ki tambaya mini inda ake alwala."

Sai gab da magariba muka tashi. Na ɗaura masa bel, ya rufe ido, bai buɗe ba har muka sauka.