Ranar da Muka Kai Kwana-Hanya Gida

Na ja ragamar tattaunawa a taruka da yawa, wasu ma ko garin da aka yi su na manta, amma akwai guda ɗaya da ba zai fita daga raina ba muddin ina numfashi. A Agiye aka yi shi, a filin lakol, wato makarantar da nake koyarwa, bayan an gama girbi mutane sun ɗan sarara.

A wancan lokacin gidan rediyon yankinmu yana saka wani wasan kwaikwayo duk ranar Alhamis bayan la'asar. Labarin wani direban motar haya ne da ake ce wa Kwana-Hanya, don bai taɓa ɗaukar fasinja ya kai su a ranar da ya yi alkawari ba. Yau taya, gobe batir, jibi ya tsaya raba faɗan da ba nasa ba. Amma bakinsa da daɗi, zuciyarsa fara ce, ko ka shiga motarsa da fushi da dariya za ka sauka. Saboda wannan wasa aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro a Cadawa da Gazawa da Gangara har Gidan Rumji, kuma duk shekara sukan haɗu wuri ɗaya, kowace ƙungiya da ankonta. A gaisa, a ci shinkafa, sannan a zaunar da masu wasan a gaba a yi musu tambayoyi. Ni ake ba wa mikro, saboda Allah ya hore mini surutu, kuma ina da agogo. Minti uku nake ba kowa, in ka wuce sai in ƙwanƙwasa mikro da yatsa. Har laƙabi suka sa mini, Mai Ƙwanƙwasa, ni kuwa ina jin daɗinsa, don a ganina babu wanda ya kai ni iya riƙe taro.

Taron wannan shekarar ya zo da nauyi. Mutumin da yake fitowa a matsayin Kwana-Hanya ya rasu wata bakwai kafin nan, bayan 'yar gajeruwar jinya. Kashi na ƙarshe da aka saka, motarsa ta mutu a bayan Cadawa cike da fasinja, yana ƙarƙashinta yana rantsuwa cewa yau kam a gida zai kwana. Daga nan wasan ya tsaya, ba a sake saka shi ba.

Ni ne na kawo shawarar a gayyato mahaifiyarsa ta zauna cikin masu magana. Na ce wa kwamiti, wa ya fi uwa sanin ɗanta? Kowa ya ce shawara ta yi kyau. Aka tura mota wani ƙauye kusa da Gangara aka ɗauko ta. Daga baya na ji cewa ba ta so zuwa ba, ƙanenta ne ya ce mata bai dace mutane su turo mota ta koma babu kowa ba.

Mutum uku na zaunar a gaba. Akwai marubucin wasan, wani siririn dattijo mai tabarau. Akwai matar da take fitowa a matsayin mai tuwon tasha, wadda kullum suke cacar baki da Kwana-Hanya. Sai tsohuwar, 'yar ƙarama, fara, da baƙin mayafi, ta zauna a bakin kujera kamar wadda za a ce wa ta tashi. Marubuci ya yi nasa, na ƙwanƙwasa masa. Mai tuwo ta ba mutane dariya, ta kuma sa su hawaye, ita ma na ƙwanƙwasa mata. Sai na juyo wurin tsohuwa da takardar tambayoyina, har da gyara murya.

Na ce, "Inna, ga jama'ar ɗanki sun taru. Ki ba mu labarinsa. Yaya yake tun yana yaro?"

Ta dubi ƙasa ta ce, "Ku kuka san shi."

Aka ɗan yi dariya, ni ma na yi, na ɗauka tsoron mikro ne. Na matso da shi kusa da bakinta na ce, "To Inna, ko sunan da kike kiransa da shi a gida ki faɗa mana."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ni kuwa a duniya babu abin da na tsana kamar shiru a taron da nake riƙe da shi, sai na ƙara da wata tambayar, ko tana alfahari da shi. A nan ne mai tuwo ta miƙo ƙafa ta taka ni ta ƙarƙashin tebur, ta kawo baki kusa da kunnena ta ce, "Malam, ɗan farinta ne hwa. Mi kake so ta ce?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan fari. Matar da tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ita na ɗauko daga ƙauyensu na ajiye gaban ɗaruruwan idanu ina tilasta mata ta yi abin da ta shekara arba'in tana kauce masa. In ta yi magana ta zubar da kunyarta, in ta yi shiru a ce ba ta damu da shi ba. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne ni ma ɗan fari ne. Tawa uwar har gobe "kai wannan" take ce mini. Na san abin nan sarai, son a ce na iya taro ne ya rufe mini ido.

Na tsaya da mikro a hannu, ban san ta inda zan ɓullo ba. Filin ya yi tsit, sai kukan wani jariri can baya. Ina shirin cewa a tafa mata mu wuce, sai na ga ta ɗago hannu kaɗan. Na miƙa mata mikro, ba ta karɓa ba, sai na durƙusa na riƙe mata.

Ta ce, "Ni ba ni da abin hwaɗi. Amma ina da tambaya, in ana bari."

Na ce, "Ana bari, Inna."

Ta ce, "Ni ban taɓa kunna wasan nan ba. Maƙwabciyata ke da rediyo, danga kuwa ba ta hana magana wucewa. Ran Alhamis nikan kai tankaɗena gindin dangar. Shi wanga direba, Kwana-Hanya, na ji motarshi ta mutu bayan Cadawa. Tun rannan ban ƙara jin labarinshi ba. Ya isa gida kuwa?"

Sunan ya fito daga bakinta sumul, babu ko gargada. Ba sunan da aka raɗa wa ɗanta ba ne, sunan wani direba ne na cikin rediyo, don haka babu wanda zai ce ta yi rashin kunya. Amma duk wanda yake wurin ya san wanda take tambaya.

Na juya wurin marubuci. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya ce, "Inna, gaskiya ban rubuta ba. Na zauna ya fi sau goma, hannuna ya ƙi."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To, ba komi." Ta fara gyara mayafi kamar za ta tashi. Wannan "ba komi" ɗin ya soke ni. Na ga za ta koma ƙauye ta bar shi kwance ƙarƙashin mota har ƙarshen rayuwarta, kuma ni na jawo. Ban san lokacin da na ninke takardar tambayoyina na cusa a aljihu ba. Na fuskanci jama'a na ce, "'Yan Cadawa, a ƙasarku motar nan ta mutu. Kuna ina aka bar baƙo a hanya?"

Da farko ba su gane ba. Can sai shugabansu, wani mai sayar da taki mai ƙaton ciki, ya miƙe ya ce, "Mu? Ai muna jin labari muka hito. Mu goma sha biyu muka tura ta, shi yana ciki yana ba mu umarni kamar shi ya haife mu. Ba ta tashi ba sai da muka kai gangaren nan."

Aka fashe da dariya. Wata mata daga Gidan Rumji ta ɗaga hannu ta ce su ne fasinjojin, kuma ita ce ta zaune gaba da kaji uku, har ɗaya ta tsere ya tsaya ya bi ta cikin gonar mutane. 'Yan Agiye suka ce da ya iso tasharmu ruwa ya ƙare a injin, wani mai shayi ya juye masa na butarsa. Mai tuwo ta karɓe ta ce ta zuba masa malmala biyu, ya cinye yana kushe miyar kamar yadda ya saba. Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta. 'Yan Gazawa suka ce a wurinsu taya ta yi faci, suka ba shi aron ta amalanke. Wani ya ce ƙarya ne, tayar amalanke ba ta shiga mota, aka yi masa ca, aka ce motar Kwana-Hanya babu abin da ba ya shiga.

Na yi ta yawo da mikro daga wannan layi zuwa wancan, gumi ya jiƙa mini riga. Mai taki shi kaɗai ya ci minti goma. Ban ƙwanƙwasa wa kowa ba, agogon ma na manta yana hannuna. Duk lokacin da na waiwaya sai in ga tsohuwa ta ɗan ƙara matsowa, mayafin ya zame daga fuskarta, tana bin kowane mai magana da ido.

Da aka zo kan 'yan Gangara, wani dattijo mai rawani ya tashi a hankali. Ya ce, "Ya shigo mana rana ba ta hwaɗi ba. Ya sauke kowa ƙohwar gidanshi. Sannan ya juya ya bi 'yar hanyar ƙauyensu, muna hangen shi har ya tsaya." Ya dubi tsohuwa, ya ce, "Daga nan kuma ba mu da sani, mu ba mu shiga ba."

Ya zauna. Karo na farko ke nan a rayuwata da na bar shiru ya yi tsawonsa a taro. Na koma na durƙusa gabanta da mikro, ban tambaye ta komai ba.

Ta daɗe tana murza bakin mayafi. Sannan ta ce, "Ya iske uwarshi tana tankaɗe. Ba ta dube shi ba. Amma ta aje mishi hura a ƙwarya, ta ruhe da faifai. Kullum tana aje mishi. Ya sha, ya kwanta."

Babu wanda ya tafa. Wani daga baya ya ce Allah ya jiƙansa, filin gaba ɗaya ya amsa da amin. Marubuci ya kifa kai a kan tebur. Ni kuwa da nake taƙama da baki, rufe taron ma kasa yi na yi, sai mai tuwo ce ta karɓi mikro ta sallami mutane.

Da za ta shiga mota na je na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba ka yi mani komi ba, ɗan nan. Kun kai shi, Allah ya kai ku." Ba mu sake haɗuwa ba, shekara biyu bayan nan na ji ita ma ta rasu.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan taron na je gidanmu. Na ja ƙanwata gefe na tambaye ta, in ana saka muryata a rediyo wajen taron nan, tsohuwarmu tana ji kuwa? Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai rediyon har bakin madafa take kai shi. In an tambaye ta sai ta ce sanarwar rasuwa take jira." Na shiga na gaishe ta. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Kai wannan, ga abinci can." Na ɗauka na ci, ina ci ina share ido.

Har yau ina riƙe taro, kuma har yau ina ƙwanƙwasawa in mutum ya cika surutu. Amma tun daga ranar na daina ɗauka cewa wanda ya yi shiru ba shi da abin faɗa, na kuma daina matsa wa mutum ya nuna ƙaunarsa ta hanyar da ni na tsara masa. Kafin in miƙa wa kowa mikro yanzu, sai na tambayi kaina abin da ba zai iya faɗa ba a gaban mutane, sannan in ba shi lokaci, ko da ya wuce minti uku.