Neman Daji a Bayan Al Wukair

A duk Hausawan da ke Doha, daga likitoci har masu gadi, babu wanda ya san daji kamar ni. Na sha faɗin haka a bakin masallaci, kuma da za a ba ni lasifika da na faɗa a filin jirgi. Sai dai a kan katifa na san dajin nawa, a wani ɗaki a unguwar Al Muntazah, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai tari kamar tsohon mashayin taba.

Ga yadda abin ya faro. Abokin zamana, wani bazazzagi, kwantiraginsa ya ƙare ya koma gida, ya tafi da hirarsa gaba ɗaya. Matata da yara suna Najeriya. Ni kuwa idan na wuni ban yi surutu ba cikina har kumbura yake. A wurin aiki sai gaisuwar hannu daga nesa. In na dawo, babu mai amsa mini sallama sai firji.

Wata rana na je kasuwar tsofaffin kaya a Najma neman kujera, na dawo da kwali guda na littattafan Turanci da suka ji jiki. Marubutan duk sun daɗe da mutuwa, kuma da alama ba su da sana'a sai yawo a ƙafa. Wani zai cika shafi uku a kan faɗuwar ganye ɗaya. Wani ya bi tsuntsu tun hantsi har la'asar, bai ma harbe shi ba. A ƙauyenmu itace ke kai mutum daji, ko kiwo, ko tsintar ɗinya. Wanda ya shiga haka kawai don ya kalli bishiya, dangi za su fara nema masa rubutun sha.

Da farko dariya nake musu. Daga baya na daina, don na lura bakinsu ɗaya a kan abu guda, wai zaman kaɗaici yana da zaƙi in mutum ya kai shi daji. Ni kuma ina da kaɗaicin da ya ishi unguwa guda, ban san yadda zan yi da shi ba. Na so ƙwarai maganarsu ta zama gaskiya.

Da sanyi ya shigo, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ɗauki tasi na ce a kai ni bayan Al Wukair, inda gidaje suka ƙare. Ina sanye da kaftanin Juma'a da hula da takalmin kambas. Sandata ta abin goge ƙasa ce na cire mata kai. A aljihu ga littafi, a hannu ga gorar ruwa. Direban ya tambaye ni ko akwai mai jirana a nan. Na ce masa daji ne ke jirana. Ya kalle ni ta madubi, ya ja motarsa da sauri.

Dajin littafi yana da ƙorama da inuwa da kukan tsuntsaye. Nawa fili ne shimfiɗe, tsakuwa da rairayi, da wasu ƙayoyi da ba su wuce gwiwa ba, sai turakun lantarki da suka yi layi har ƙarshen duniya. Na yi tafiyar da a raina ta kai daga Kano zuwa Agadas. Na ga ƙadangare ɗaya, na gaishe shi, ya gudu. Na tsaya na kasa kunne in ji zaƙin da aka yi mini alkawari. Shirun ɗakina na ji, an dai cire masa rufi.

Can na hango garken raƙuma, da shinge da rumfar kwano. Ban yi shawara da ƙafafuna ba suka juya. A wajenmu matafiyi ba ya wuce ruga ko gidan gona bai nemi ruwa ba, ko da ba ya jin ƙishi. Da ruwan ake buɗe hira. Kafin ka ajiye ƙwarya an tambaye ka daga ina, ina za ka, ɗan gidan wa, har a gano kakarka ta taɓa zama a garinsu. To ga gorata cike, kuma ban iya roƙon abin da nake riƙe da shi ba. Sai na tsiyaye wa wata ƙaya ruwan tas, a tsakiyar hamada, don kada in yi ƙarya.

Na yi sallama a bakin shinge. Raƙumi ne ya fara dubana. Sai ga makiyayin, wani siriri daga ƙasashen Asiya, waya manne a kunnensa. Na ɗaga masa gorar. Ya koma rumfa ya kawo ruwan roba biyu, ko buɗe su ba a yi ba, ya miƙo ta saman shinge. Ni kuwa na riga na shirya amsoshina tun daga sunan ƙauyenmu. Na fara da guntun Larabcina, ya aiki, ya raƙuma, ya sanyi. Ya yi murmushi ya nuna mini wayar. Muryar mace ce a ciki, da jariri yana kuka.

"Khalas?" in ji shi, wato shi ke nan ko.

Na ce khalas. Ya koma rumfarsa yana magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ban ga laifinsa ba. Shi ma Juma'ar ce ranar hutunsa, ranar kiran gida.

Na sami wata tsohuwar taya na zauna. Rana ta yi ja. Na buɗe littafin, na karanta layi ɗaya ya fi a ƙirga, na rufe. Sannan na kira gida da bidiyo. Matata tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ina jiyo yara suna faɗa a kan ƙwallo, akuyar maƙwabta tana kuka, mai tallan gyaɗa tana wucewa. Na ƙara sautin wayar har ƙarshe.

"Hajiya, yau mijinki ya keta daji shi kaɗai. Ko zaki ya gan ni sai ya kauce."

"Nuna mini dajin, Malam."

Na juya mata wayar a hankali, daga gabas zuwa yamma.

"Ina bishiyoyin?"

"Ba a kawo su ba tukuna. Manyan masana sun ce a irin nan ake jin daɗin kaɗaici."

Ta hure ƙaiƙayi daga faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Kai da kullum kake ce mini ba ka da mai ce maka sannu, shi ne ka hau tasi aka kai ka inda babu kowa?"