Yadda Mai Lambu Ya Zama Baba Dila

Shekara talatin da biyu ya yi yana kula da wani lambun itatuwa a bayan gari, daidai inda kwalta ta ƙare. Siririn mutum ne, ba ya da hayaniya, kullum da filaya a aljihu don gyaran shinge. Kowa Baba Dila yake ce masa, har matarsa in ta so tsokana.

Sunan ya samo asali tun yana sabon ango. Wata safiya yana zagaya shinge, sai ya tarar da wata dabba ta maƙale a waya, ƙafar baya duk jini. Kamar kare, amma bakin ya fi tsini, ga kunnuwa a tsaye, ga jela buzu-buzu. Dila ne. Abokin aikinsa, mai ban ruwa, ya rarumo sanda.

"Bar shi mana," in ji mai lambu. "Ɓerayen da ke ci mana saiwa, wa kake tsammani yake rage su?"

Ya rufa wa dilan buhu a ka, ya yanke wayar a hankali. Godiyar da ya samu cizo ce a babban yatsa, sannan dilan ya ɗingisa ya shige ciyawa. Mai ban ruwa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, daga baya ya raka shi asibiti aka soma yi masa allurai. Kafin yatsan ya warke, suna ya bi shi.

Sunan bai taɓa jawo masa magana ba sai da 'yarsa ta fari ta tashi aure. Mahaifin saurayin, wani tsohon malamin makaranta, ya zo gaisuwa. Ya zauna a bakin kujera, fuska ba walwala, shayinsa har ya huce.

"Ka yi haƙuri, Baba, gara in tambaya," ya ce. "An ce mini kai dila ne. Dilan motoci, ko dilan abin nan da hukuma ke kamawa?"

Uwargida, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi.

Baba Dila bai ji haushi ba. Ya miƙa masa yatsan mai tabo, ya ce, "Malam, nawa mai ƙafa huɗu ne. Na daji, wanda ake cewa ya fi kowa wayo. Ni kuwa ka ga iyakar nawa wayon."

Malamin ya saurari labarin daga farko har ƙarshe, ya gyara zama, ya ce a ɗumamo masa shayin.

Yanzu gwiwoyi sun hana Baba Dila zuwa lambu. A ƙofar gida yake zama, yana renon dashe a tsofaffin gwangwanaye yana raba wa maƙwabta. Duk ranar Asabar malamin yakan zo, su yi ta gardama a kan wanda jikarsu ta fi kama da shi.