Karan da Na Gwada Kawu da Shi

Mataki biyar ne fa! Ku durƙusa ku duba da idonku, a gindin sifirin ɗin shokozoban baya na babur akwai wani zobe mai haƙora kamar tsani, kuma wallahi da ƙyar ka sami mai babur ɗin da ya san amfaninsa. In ka murɗa shi sama, sifirin ya matse, babur ya yi tauri, ya ɗauki ƙato. In ka sauke shi, ya yi laushi, ya dace da marar nauyi. Ranar da na gano haka, a wani yagaggen littafi mai hotuna da wani bakanike ɗan kudu ya bar mini a Kazaure, ko tuwo ban iya ci ba don murna. Turancin bai shiga kaina sosai ba, hotunan na bi. Ashe babur ma sai an daidaita shi da jikin mai shi! Da kaina na lanƙwasa wani guntun ƙarfe na yi sifanar murɗa zoben, don ta kanti ba ta zo garinmu ba.

To amma abin da na zo faɗa yau ba na alfahari ba ne. Ina rubutawa ina jin kamar in nutse.

Kawuna, yayan mahaifiyata, malamin gona ne a Roni. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ruga sayen rediyo da keke, shi ya je Kano ya dawo da babur mai salansa biyu, ja, irin mai gudun nan da in ya taso tun daga bayan gari ake gane shi. Da shi yake zaga ƙauyukansa har Gwiwa, yana duba iri da taki. A lokacin Kawu ƙato ne, in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya riƙe da kyau. Ni nake wanke babur ɗin, ni nake canza masa mai, kuma ni na kai masa zoben nan mataki na biyar. Ya hau ya dawo yana dariya, ya ce, "Kai ɗan nan, ashe karambaninka yana da rana."

Sai ciwo ya kama shi da farkon damina. Aka kwantar da shi a Kazaure, daga nan aka wuce da shi Kano. Bai dawo gida ba sai da aka fara yankan gero, kuma wanda ya dawo ɗin, in ba don muryar ba, sai ka ce wani ne. Matarsa, da muke ce wa Inna, ta kafa doka ba tare da ta buɗe baki ba: ba mai cewa ya rame. Duk mai zuwa dubiya sai ya ce, "Kai, jiki ya yi kyau, Alhamdulillahi." Rigunansa ma a ɓoye ta riƙa aika wa abokinsa tela, yana rage su ɗaya bayan ɗaya.

Daga ofis kuma aka aiko cewa in ba zai iya komawa zagaye ba, za a ba wani ƙauyukan, shi a ajiye shi a tebur yana cika takardu. Kawu kuwa ya sha faɗa cewa ranar da aka raba shi da gonakin mutane, ranar ya gama aiki. Saboda haka wata Alhamis bayan la'asar ya ce in fito masa da babur ya gwada.

Akwai mutane a ƙofar gida, ƙarƙashin rumfar kara, abokansa huɗu ko biyar, har da telan nan da tef ɗin awonsa rataye a wuya. Na tayar masa, ya hau, ya nufi hanyar burji. Ina kallon bayansa. Kowace gargada ya taka sai babur ya cilla shi sama, ya dawo ya bugu da sit, tayar baya tana tsalle kamar ɗan akuya. Ko minti goma bai yi ba ya juyo. Ya zo ya tsaya. Ya kashe, ya daɗe bai sauko ba, sannan ya ce a hankali, "Ya fi ƙarfina yanzu. A nemi mai saye."

Ni kuwa a wannan lokacin farin ciki ne ya cika ni. Ku ji fa. Mutum yana cewa ya gama, ni ina murna, don na san amsar! Na san ba ƙarfinsa ne ya gaza ba, zoben ne yake nan inda na bar shi tun yana ƙato. Ban san sanda na ɗaga murya ba.

"Kawu, ba kai ba ne, shoka ce! An saita ta ne da nauyinka na da. Ai yanzu ko rabinka babu!"

Wani ya yi gyaran murya. Ban kula ba. Na ce kada ya sauka, ina zuwa. Littafin ya ce a gwada daga notin taya zuwa gindin sit, babu mutum a kai, sannan a sake gwadawa da mutum a kai, a ga yadda ya nutse. Na waiga ina neman abin gwaji, idona ya faɗa kan darnin gidan. Na zaro karan dawa dogo, busasshe. Na durƙusa na gwada yana zaune, na yi alama da farce. Na ce ya sauka, na sake gwadawa, na yi wata alamar. Na ɗaga karan sama ina nuna wa jama'a.

"Kun gani? Ko faɗin yatsa bai nutse ba. Babur ɗin bai ma san an hau shi ba!"

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na ce bari in ga tsawon ƙafarsa da tsayin sit. Na ce, "Kawu, miƙe sosai." Ya miƙe. Na jingina karan a jikinsa, tun daga ƙasa. Karan ya yi tsawo, kansa yana tokarar rumfa yana hana ni daidaita shi, sai kawai na kai hannu na karya shi, ƙas, daidai saman hular Kawu.

Wannan ƙarar ita ta dawo da ni hayyacina. Kowa a wurin ya san wanda ake gwadawa da kara a karya daidai tsawonsa. Gawa ake yi wa haka, a ba wani ya kai wa masu haƙar kabari. Ni kaina na taɓa ɗaukar irinsa zuwa maƙabarta, ranar da mahaifina ya rasu.

Daga cikin soro na ji Inna ta saki salati, ashe tana leƙe. Tela ya kamo tef ɗin wuyansa ya girgiza mini.

"Kai, wane irin yaro ne kai? Wannan na wuyana ado ne? Ka tambaya mana!"

Kawu ya dubi karan a hannuna, ya dube ni. Ya ce, "Ka gama, ko da saura?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To in ka kai musu, ka ce kada su wahalar da kansu wajen faɗi. Ba na cin wuri yanzu."

Da wasa ya faɗa, amma ba wanda ya yi dariya. Ya shige gida. Na tsaya riƙe da karan, na rasa inda zan ajiye shi. In yar a ƙofar gidansa? In tafi da shi? Ƙarshe a cikin riga na cusa guntayen, na bi ta bayan gari na jefa a rami.

Kwana uku ban taka unguwar ba. Mahaifiyata da labari ya kai mata ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Yayan nawa?" ta ci gaba da tankaɗe. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. A rana ta huɗu na ji an ce wani ɗan kasuwa daga Babura zai zo ganin babur ɗin ranar Litinin. Nan na ga in na ci gaba da ɓuya, kunyata za ta ja wa Kawu aikinsa.

Na je da hantsi. Na gaida Inna, ta amsa wa bango. Kawu yana soro a kan tabarma. Na durƙusa nesa na ce, "Kawu, na yi wauta, ka yafe mini." Ya ce, "Allah ya yafe mana." Na ce, "Ina roƙon abu ɗaya. Ka bar ni in taɓa shi sau ɗaya, ka hau zuwa bakin kasuwa. In bai yi ba, ni zan wanke shi in miƙa wa mai saye." Ya tura mini makulli da ƙafa.

Na sauke zoben daga biyar zuwa biyu, hagu da dama, na rage wa tayoyin iska kaɗan. Ban gwada komai ba, ban ce uffan ba. Ya hau ya tafi. Na zauna a ƙasa ina jin ƙarar salansa tana nisa, ta wuce kasuwa, ta ɓace. Sai da aka kusa kiran azahar ya dawo, ƙafafun wandonsa duk ƙaiƙayin gona. Ya kafe babur ɗin da kansa, ya wuce ni, sai da ya kai bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Aika wa mutumin Babura ya sha zamansa."

Ranar Litinin ya tafi Gwiwa. Har yau yana zagayensa, zoben yana kan biyu. Inna kuwa ta koma amsa gaisuwata, amma in na shigo da sifana a hannu sai ta tashi ta bar wurin.

Ku da kuke taɓa babura, don Allah ku gaya mini, in babba ya rame ko ya tsufa, abin hawansa yana bukatar a sauke masa, da wane baki kuke faɗa masa? Ko ni kaɗai na taɓa yin irin wannan?