Farin Tabon da Malam Hudu Ya Bar Mini

Da safen nan ina shan koko aka kira ni: Malam Hudu mai fenti na Tudun Wada ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ajiye kofin. Har yanzu yana inda na ajiye shi.

Allah ya gafarta mini, ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya ba ni haushi kamarsa ba.

Shekara biyu ke nan, ɗan farina, wanda ko sunansa ba na kira, zai tafi kwas ya kawo motarsa gidana ajiya. Ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ya ce, "Baba, a dinga tayar da ita kawai."

Ni kuwa tsohon direban akori-kura, mai digirin aji huɗu na firamare, na fassara "tayarwa" da zuwa ɗaurin aure Burumburum.

A hanyar dawowa wani bijimi ya zuba wa ƙofar direba ƙaho. Makiyayin ya ba ni haƙuri. Bijimin bai bayar ba.

Na je Kano na sayo wata ƙofar 'yar Kwatano, fara fat, haɗe da gwangwanin fenti mai lambar da kamfani ya buga a jikin motar. Na kai wa Malam Hudu ina taƙama na gama masa rabin aiki. Saura sati uku yaron ya dawo.

Ya fesa kaɗan a marfin gwangwani, ya kara a jikin motar.

"Alhaji, wannan jan na ranar da motar ta fito daga kamfani ne. Motar ɗanka ta sha ranar Kano shekara da shekaru. Ta koɗe."

"Malam, ja ai ja ne."

"Barkono ja ne, goro ja ne. Tauna su ka gani."

Daga nan wahalata ta fara. Kullum sai ya haɗa sabo, ɗigon ruwan ɗorawa, ɗigon baƙi, ya fesa a marfi ya jera a kan bonet. Ya duba da hantsi. Ya duba da azahar. Ya duba da la'asar, yana tsugune, ido ɗaya a rufe kamar maharbi. Ga damina. Ranar da hadari ya haɗo ko taɓa motar ba ya yi.

"Yau ba rana, Alhaji. Hadari maƙaryaci ne."

Na roƙe shi. Na yi fushi. Na ce zan ɗauke motar in kai wa wani. Ya miƙo mini makulli da kofin fura tare, ya ce in zaɓa. Na sha furar.

Amma shi ne ya lulluɓe motar da tamfol a bayan shago don kada 'yan gulmar tasha su gani. Wani ya tambaye shi ta wa ce, ya ce ta mai ita.

Ana gobe yaron zai iso ya gama. Wallahi na zagaya motar sau uku, sai da na tsaya tunanin wace ƙofa ce aka canza.

Sai ya buɗe ta, ya nuna mini ƙasanta ta ciki. Ya bar wani wuri fari, kamar faɗin babban yatsa.

"Malam, ka manta nan."

"Ban manta ba. Na ɓoye maka a idon jama'a. Mai motar kuwa, kai za ka gaya masa da bakinka."

Ku ji fa! Uba ya tsaya gaban ɗan farinsa, wanda ko ido ba ma haɗawa, ya ce na saci motarka na je burga?

Yaron ya zo, ya shafa motarsa, ya ce, "Baba, ka riƙe amana." Na ce ai ba komai. Tuwon ranar bai wuce mini ba.

Juma'ar da ta wuce na ga Malam Hudu bayan masallaci. Ya rame, yana tari, amma bakin nan na nan. Ko gaisuwa ba mu gama ba.

"Ka gaya masa?"

"Saura kaɗan."

"Shekara biyu saura kaɗan? Kai da ka ce ni ne mai nawa?"

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Ashe sallama ce.

To Malam Hudu, ka ci nasara, ga shi nan.

Kai yaron nan, na san kana karanta duk abin da nake sawa a nan. Je ka buɗe ƙofar direba, ka sunkuya, ka duba ƙasanta. Wannan farin tabon, aikina ne. Ka yafe wa ubanka. Kuma kada ka bari kowa ya shafe shi.

Ya Allah ka jiƙan Malam Hudu, ka haskaka kabarinsa, ka suturta shi fiye da yadda ya suturta ni, ka ba iyalansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In akwai ragowa a sa ni, ga wayata nan ta fara ƙara.